Kwanan Wata a Saman Allo

Duk shekara sai an turo mana ku ɗalibai sashen gashin ƙashi, da fararen rigunanku da ba su taɓa ganin aman majinyaci ba, kuma duk shekara sai na tsinci magana ɗaya a bayan labule: wai aikin Inna Asabe ai ba aiki ba ne, ɗaga hannu ne da sauke hannu. Bara ma wata a cikinku ta miƙo mini wayarta, ga wata Baturiya a ciki tana miƙa tana murmushi, ta ce duk abin da nake yi ga shi nan cikin minti huɗu. Na ce madalla, ta kai wa matar da ke gado na uku, wadda aka cire wa nono saboda ciwon daji, ta dawo ta ba ni labari. Ta kuwa je. Matar ta kalli Baturiyar tun daga farko har ƙarshe, ta ce a gaishe ta da ƙoƙari, sannan ta juya fuskarta bango. Yarinyar ta dawo tana cewa matar ce mai taurin kai.

To, tunda na kusa ajiye aiki, bari in bar muku wani abu a rubuce, ko da mutum ɗaya ne a cikinku zai karanta. Ni ba ni da digiri. Da bokiti da tsumma na shigo wannan sashe ina goge ƙasa, a lokacin Malam Buba ne babba. Bafulatani ne dogo, ba ya son surutu, kuma shekara biyu na yi ina riƙe masa tawul kafin ya bar ni na taɓa kafaɗar mutum. Abin da ya fara koya mini ba motsi ba ne, zama ne. Yakan ajiye ni a kujera nesa da gado, ya riƙa lanƙwasa gwiwar majinyaci, ya ce in faɗa masa daidai inda zafi ya fara. Majinyacin na cewa da sauƙi, da sauƙi, ni kuwa sai in ce ai bai fara ba tukuna. Sai Malam Buba ya girgiza kai ya ce mutanenmu ba sa faɗin zafi, fulako ba zai bar su ba, labarin zuciya a tambayi fuska. In dubi hanci, in dubi yatsun ƙafa, in dubi hannun da ke damƙe da zanen gado. Daga baya an tura ni kwas na dawo da takarda, amma sana'ar a kan wannan kujerar na koye ta.

Jakar da nake zuwa gidajen mutane da ita bayan na tashi aiki, in kun leƙa ciki dariya za ku yi. Igiyar shanya ce, da tef irin na tela, da tsofaffin safa biyu cike da yashi, da ƙwallon roba na yara, da alli. Sanda ba na ɗauka, don babu gidan da ba muciya. Igiyar akan rataya ta a saman ƙofa ko a reshen dogon yaro, hannu mai lafiya ya ja, mai ciwon ya bi shi sama. Tef ɗin na auna kaurin dantse ne, domin wadda aka yi wa aikin nono aka kwashe mata kaluluwar hammata, hannunta kan kumbura ba sallama, kuma tef yana riga ido gani. Wannan duk cikin sati ɗaya kun iya shi. Abin da ba za ku iya cikin sati ɗaya ba shi ne ku sa mutumin da aka gaya wa yana da ciwon daji, wanda ruwan kemo ya zubar masa da gashi ya ɗauke masa ɗanɗanon abinci, ya tashi daga kan katifa ya yi abin da ya san zai yi masa zafi.

A garin nan babbar abokiyar gabata ba ciwon ba ne, sannu ce. Ranar da aka sallamo mace daga asibiti, ranar ake ƙwace mata tsintsiya, a ƙwace muciya, a ƙwace makullin sito, buta ma wata ce za ta ɗaukar mata zuwa banɗaki. Ta yunƙura a ce ina za ki, ta miƙa hannu a ce me kike so. Masu dubiya kuma daga hantsi har la'asar, kowa ya shigo ya tarar da ita a kwance ya ce yauwa, haka ake so, a yi ta hutawa. Kuma 'ya'yanta ba mugunta suke yi ba. So ne, da tsoro, da gudun bakin unguwa, don in maƙwabciya ta leƙo ta ga mai ciwon daji tana shara, kafin magariba an ce gidan wane sun bar uwarsu tana bauta da ciwo. Haka za a lallaɓa ta wata biyu, kafaɗa ta ƙage, ƙafa ta saki, sannan a taru a ce ciwon ne ya ci ƙarfinta.

Shi ya sa ban taɓa shiga gida na ce a zo a motsa jiki don lafiya ba. Wanda likita ya riga ya yi masa irin kallon nan, kalmar lafiya ba ta tashinsa. Nakan jira a ragu a ɗakin, in matsa kusa, in ce, me suka ƙwace miki? Ban taɓa rasa amsa ba. Wata ɗaurin ɗankwalinta take so ta yi da kanta, don 'yarta tana ɗaura mata shi kamar na mai takaba. Wani dattijo so yake ya tashi daga sujada ba tare da 'ya'yansa biyu sun cicciɓe shi a gaban jama'a ba. Akwai wata tsohuwa a Nasarawo da ta yi wata guda tana jan igiya don ta kai saman durowa, kuma har ta kai ba ta gaya mini abin da ta ɓoye a can ba. Yawancinsu fushi ne ke tashinsu, fushin an mai da su kaya. Ni ban raina fushi ba, da shi nake aiki.

Aikin Alhaji Hammadu shi ne ya kusa raba ni da sana'ar. Dillalin shanu ne a Shamaki, unguwarmu, ciwon dajin mafitsara ya kwantar da shi, kuma abin da aka ƙwace masa shi ne sahun farko a masallacin ƙofar gidansa. Masallacin yana da matakala uku. Na ga ƙwazonsa, ƙwazon ya ruɗe ni. Ban nemi fayil ɗinsa ba, ban tambayi ko an yi hoton ƙashi ba, na sa aka kawo bulo biyu tsakar gida muka fara hawa da sauka. Kullum sai na tambaye shi cinyar hagun nan da yake ɗan ja, ya ce jam, lafiya lau. Na tambayi baki, na manta da fuska. Ashe ciwon ya riga ya shiga ƙashin ya rarake shi. Rana ta tara, yana ɗora ƙafa a kan bulo cinyar ta karye, da kunnena na ji ƙarar. Bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba har Allah ya karɓi abinsa bayan wata uku.

Laifina ne, na faɗa a lokacin a gaban iyalinsa, ina kuma faɗa yanzu. Amma unguwa ba ta ce Asabe ba ta duba fayil ba, cewa ta yi ga abin da ke samun mara lafiyan da aka hana shi kwanciya. Gida shida nake zuwa a lokacin, cikin sati ɗaya duk suka rufe. Wasu ma da na tayar da iyayensu da hannuna, in mun haɗu a gidan suna sai su canja tabarma. Abin da ya fi ci mini rai, matan da suka fara ɗaga hannu an mayar da su kan katifa, kuma da sunana aka mayar da su. Na rataye jakar a ƙusa, wata bakwai ban sauke ta ba.

Wata nas da muke aiki tare ce ta kawo mini 'yar takarda, ta ce wata 'yar cocinsu ce ta bayar. Rubutun a karkace kamar na ɗan aji ɗaya: "Ki zo gidan ɗana a GRA ranar Asabar. Ki zo da alli. Rahila." Kwana biyu ina juya takardar nan. Da cewa ta yi in zo in taimake ta, da ban je ba. Allin ne ya sa na sauke jakar, don ina so in ga mara lafiyan da ta riga ta san abin da take nema.

Malama Rahila mutuniyar Kaltungo ce, shekara talatin da ɗaya tana koyar da aji uku a wata firamare a Nasarawo, can ma gidanta yake. An cire mata nonon dama, ita kuma ba bahaguwa ba ce, shi ya sa rubutun ya karkace. Ɗanta Ishaku, babban ma'aikacin gwamnati, daga asibiti ya wuce da ita gidansa. Na same ta a falo cikin wata kujera mai laushi, irin wadda in ka zauna sai an jawo ka, na'urar sanyi na busawa, an rataye mata hannun dama a ƙirji da gyale. Na tambayi wane likita ne ya ce a rataye, aka ce ba likita ba ne, matar Ishaku ce ta ga hakan ya fi. Sati bakwai ke nan hannun yana cikin gyalen.

Ishaku bai bari na gama gaisuwa ba. Ya ce, cikin ladabi dai, ya yi bincike a kaina, ya ji ni ce wadda ta karya wani Alhaji a Shamaki. Na ce ni ce. Ya juya wajen uwarsa ya ce to Mama, kin ji da kunnenki.

"Na ji tun kafin in aika," in ji ta. "Wadda ta taɓa karya mutum ta fi kowa sanin inda ake karyewa. Zauna, Asabe."

A kan tebur akwai takardar neman ritaya, an cike komai, sa hannunta kawai ake jira. Saura mata shekara huɗu a aiki, amma Ishaku ya ce ya isa haka: yara sun fi saba'in a ajin, ga ƙurar alli, ga tsayuwa, shi kuma Allah ya hore masa abin da zai riƙe ta. Kada ku ɗauke shi mugu. Ubansa ya rasu yana ƙarami, ita kaɗai gare shi. Ita kuwa cewa ta yi da hannun dama ta sa hannu ranar da aka ɗauke ta aiki, da shi za ta sa ranar da za ta bari, ba za ta rufe shekara talatin da ɗaya da rubutun hagu ba. In yana son sa hannu, ya bari a gyara hannun. Nan ta ɗaure shi da jijiyoyin jikinsa. Suka yi ta ja har suka tsaya a kan magana ɗaya, ni ce shaida: ranar da aka koma makaranta bayan dogon hutu, za ta shiga ajinta ta rubuta kwanan wata a saman allo, inda ta saba rubutawa. In ta rubuta, a yaga takardar. In hannun bai kai ba, za ta sa hannu a wurin, ba gardama. Wata huɗu ya rage.

Ban taɓa ta ba a ranar, gyalen kawai na kwance. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na ce a kawo fayil, a kawo hoton ƙashi, kuma likitan da ya yi mata aiki ya rubuta da hannunsa cewa ya yarda. Kwana goma aka yi kafin su haɗu, tana ta aiko mini da saƙon wai tsoro nake ji. Na ce a gaya mata ƙwarai kuwa. A cikin kwanakin na hau keke na je makarantar da tef ɗina. Allon ba na katako ba ne da za a ce a sauke shi ƙasa, siminti ne aka shafe a bango aka yi masa baƙin fenti. A kusurwar dama ta sama har fentin ya koɗe, wurin da hannunta ya yi shekara da shekaru yana rubutawa yana gogewa. Na auna daga ƙasa zuwa nan, na koma GRA na ja layi da alli a bangon ɗakinta, farin fenti sabo fil. Matar Ishaku ta kalli layin, ta kalle ni.

Ranar farko na tsayar da ita gaban bangon, na ce ta ɗora yatsunta ta riƙa tafiya da su sama ɗaya bayan ɗaya. Hannun ya tsaya daidai kafaɗarta, ko kunne bai kai ba. Ban tambaye ta zafi ba, hancinta nake kallo, yana buɗewa na ce tsaya. Na miƙa mata alli ta sa alama. Daga alamar zuwa layin ya fi kamu guda. Ta ɗaga kai ta duba ta ce ashe ma ba nisa, gumi kuwa har ya jiƙa mata wuyan riga.

Kullum da la'asar nake zuwa. Tawul mai ɗumi a kafaɗa tukuna, sannan muciya: ta kwanta rigingine ta riƙe ta da hannu biyu ta ɗaga, na hagu yana jan na dama. Sai igiya a ƙofa, sai bango, sannan mu zagaya gidan a ƙafa, tun muna zagaye ɗaya har muka kai goma sha biyu, don mai tsayuwa gaban aji ba hannu kaɗai take bukata ba. Alamun suka riƙa hawa, yau faɗin yatsa ɗaya, jibi biyu. Amma duk sati uku sai an ƙara mata ruwan kemo, kuma kwana huɗu bayansa sai dai a ce sannu, ga amai, ga ciwon baki, ko kofi ba ta iya riƙewa. In ta tashi sai alamar ta dawo ƙasa, mu sake bin hanyar da muka riga muka bi. Ranar da jikinta ya yi zafi kuwa ko ta zage ni ba na bari, asibiti za a tafi. Ta kuwa zage ni, da Hausa da Tangale.

Wata rana irin wannan, ta yi amai ta kurkure baki ta ce in tashe ta. Na ce Malama, wai me ke cikin kwanan watan nan ne, ai ko monita zai rubuta miki. Ta ce monita bai taɓa rubuta mata ba. Ɗan aji uku, in ji ta, ba daga littafi yake koyon rubutu ba, bayan malami yake kallo, yadda hannu ke tafiya, kuma abu na farko da yake kwafa kowace safiya shi ne kwanan wata. Sai ta ƙara da cewa:

"In ina kwance a kujerar can, Asabe, ciwon ne ke da ni yini guda. In na tsaya gaban allo, dole ya jira a tashi."

Masu dubiya su suka kusa ɓata mana aiki. Matar Ishaku ta saba, da an buga get sai ta ruga ta zaunar da Malama a kujera ta lulluɓa mata zane. Ran nan ba ta nan, matan coci su takwas suka shigo suka tarar da Malama a jikin bango tana gumi, ni kuma a bayanta ina cewa saura kaɗan. Suka yi addu'a, suka yi waƙa, suka tafi. Ranar Lahadi wani dattijon coci ya ja Ishaku gefe ya tambaye shi ko gaskiya ne ya ɗauko matar Shamakin nan tana gana wa uwarsa azaba. Litinin mai gadi ya tare ni a get, ya ce Oga ya ce a huta tukuna. Ban yi musu ba, gidansa ne.

Kwana goma sha biyu bayan nan Ishaku da kansa ya zo Shamaki ya yi sallama da ni. Ashe da aka hana ni shiga Malama ba ta fasa ba, ƙarawa ma ta yi. Tana kulle ƙofa ta yi sau biyar a yini, har da ɗaga bokitin ruwa a banɗaki wai don hannun ya yi ƙarfi. Na sa tef, dantsen dama ya fi na hagu kauri da faɗin yatsa biyu. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa majinyaci ba. Na ce Alhaji Hammadu ma ƙwazo ne da shi, ba zan yi biyu ba, ko ta bi tsarina ko in ɗauki jakata. Ishaku kuma na ce masa, Yallaɓai, uwarka za ta hau bangon nan ko da ni ko ba ni, abin da ya rage maka ka zaɓa, ta hau da mai kallon hancinta ko ta hau ita kaɗai a ɗaki a kulle. Sati biyu muka yi ba bango, sai naɗe hannu da bandeji da ɗora shi a kan matashi da matsa ƙwallo, har kumburin ya sauka. Daga nan babu wanda ya sake tare ni a get. Matar Ishaku ma ta gaya mini cewa kullum in ya dawo ofis sai ya shiga ɗakin ya tsaya yana kallon alamun, ba ta sani ba ko so yake su kai ko kada su kai. Ina jin shi ma bai sani ba.

Saura kwana biyar a koma makaranta, hannunta na tsayawa faɗin yatsa uku ƙasa da layin, kuma ya ƙi gaba. Sati biyun nan su suka ci mu. Tabon aikin ya ja fatar hammata, na san abin da ya rage ba na kwana biyar ba ne. Na ce ta rubuta a ƙasa kaɗan mana, wa zai auna. Ta ce ita za ta auna. Na ce to a sa mata benci ta hau. Kallon da ta yi mini, nan na gane yadda yara saba'in suke yin shiru. Ina tattara kaya sai na lura da abin da take yi kullum ban kula ba: duk allin da na miƙa mata sai ta karya shi biyu kafin ta sa alama. Al'adar malamai ce, wai dogon alli yana ƙara a allo, ga saurin karyewa. Na ciro sabo na ce kada ta karya, ta riƙe shi daga can gindi. Ta yi ta juya shi a hannu, tana tunanin ko wannan ma benci ne. Can ta ce alli kayan aiki ne, ba alfarma ba ce. Ta miƙa, bakin allin ya taɓa layin. Kwana biyar muka yi tana koyon rubutu da dogon alli ba tare da ya karye ba, muka ƙarar da rabin kwali.

Na san tambayar da za ku yi, don kowace shekara ita ake yi: to ya warkar da ita? Bai warkar ba. Igiya da muciya ba sa kashe ciwon daji, duk wanda ya ce muku suna yi ku guje shi. Bayan shekara biyu ciwon ya dawo mata a hanta, na je jana'izarta a Kaltungo, na kuma yi kuka. Amma ba don in warkar da ita ta aiko mini da takarda ba, ni ma ba abin da na je yi ke nan ba. Ku dai tsaya ku ji Litinin ɗin da aka koma makaranta.

Na ɗauki izini a wurin aiki, ƙarfe bakwai da rabi ina makarantar. An kwana ana ruwa, filin duk taɓo. Ishaku ya kawo ta a mota, ambulan ɗin takardar a aljihun gaban rigarsa, da biro. Ta ɗaura ɗankwali a kan da gashi bai gama fitowa ba, ta ƙi a riƙe ta a matakala. Hedimasta da malamai suka tarbe ta da murna, aka raka ta har ƙofar aji, yara suka miƙe suka gaishe ta da ƙarfi. Ni da Ishaku muka tsaya a taga.

Sai na ga ta tsaya cak. Na bi idonta. A kusurwar dama ta sama, a wurin da fenti ya koɗe, an riga an rubuta kwanan wata, da kyakkyawan rubutu, har da layi a ƙarƙashi. Malamin aji huɗu ne ya sammako ya rubuta, don a rage mata wahala. Ban taɓa jin haushin alheri irin na ranar ba. Wata huɗu muna hawa bango, ga sannu ta riga mu zuwa.

"Malama, ai an rubuta miki," in ji hedimasta. "Ki zauna kawai, ga kujera."

"Na gani," ta ce. "Na gode. Ina dasta?"

Rubutu muka koya, ba gogewa ba. Dasta ba ta da tsawon alli, kuma goge allo sai an danna, an kai an komo, duk da kafaɗar nan. Ishaku ya dube ni, ni kuwa hancinta nake kallo. Ta ɗora dastar a jikin allo ta tura ta sama a hankali, yadda muke tafiya da yatsu. Ta goge gindin haruffan, kawunansu suka rage a sama. Ta tsaya ta yi numfashi. Hancin ya buɗe, kuma da a ɗaki muke da na ce tsaya. Ban ce ba. Na ga hoton ƙashinta da idona, na san zafi ne kawai, ba karaya ba. Ta dafa allon da hagu, ta yi ɗage a kan ƙafafun da suka saba zagaya gidan GRA sau goma sha biyu, ta kai, ta komo, ta sake kaiwa, har wurin ya yi baƙi. Ko tari babu yaron da ya yi.

Ta sauke hannun ta bar shi ya huta. Sannan ta ciro sabon alli daga jakarta, ba ta karya ba, ta riƙe shi daga gindi, ta rubuta ranar da watan da shekarar. Rubutun ya ɗan gangara, bai kai na malamin aji huɗu kyau ba. Ta ja layi a ƙarƙashi, ta juyo, gumi har haɓa, ta ce kowa ya buɗe littafinsa ya kwafa, wanda kuma bai zo da fensir ba ya fito gaba.

Ishaku ya taɓa aljihunsa, ya ce da ni a hankali, "Hajiya, hannun ya warke ke nan. Yanzu ma za ta iya sa hannu."

"Za ta iya," na ce. "Ga ƙofa nan, shiga ka ba ta."

Ya leƙa ta tagar. Ta riga ta juya mana baya tana rubuta lissafi, yara saba'in suna bin hannunta da ido. Ya ciro ambulan ɗin ya yaga shi biyu, ya sake yagawa, ya rasa inda zai jefa a makarantar uwarsa, ya tura a aljihun wando. Sannan ya je ya tambayi hedimasta ƙarfe nawa ake tashi.